Kunne Ba Shi da Marfi: Raddi ga Masu Fasa Salansa

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Maraɗi ko Damagaram cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki ya wuni yana tara shi ya kwana yana amayarwa, ya san wannan sa'a. Dare ya raba, iska ta fara ɗan sanyi, jaririn da aka sha fama da shi ya lafa, tsohon da tari ya hana runtsawa ya soma gyangyaɗi. Sai can daga bakin kwalta wani ya murɗa totur. Ƙarar ta taso kamar ana yaga sabon yadi, ta ratsa lungu, ta tsallake katanga, ta faɗo kan kowace tabarma. Kafin a farga mai babur ya yi nisa. Ya bar jariri yana tsala ihu, karnuka suna haushi, uwa ta tashi zaune, tsoho kuwa shi da barci sai wani daren. Shi mai babur bai san yawan waɗanda ya tayar ba, ba kuwa zai taɓa sani ba.

A gareji, inda aka yanke hukuncin abin da zai faru da wannan dare, ba haka ake kallon maganar ba. Can tambayar da ake yi wa saurayi ita ce: mai ƙara kake so ko mai shiru? Ana yin ta ne kamar yadda ake tambayar mutum launin fenti, ja ko baƙi, wato abin da ya danganci son rai, wanda babu ruwan kowa da shi. Nan kuskuren yake tun daga tushe. Wanda bai son launin babur sai ya kau da kai, ko ya runtse ido. Kunne kuwa ba shi da marfi, ba ya rufuwa ko mutum yana barci. Saboda haka wanda ya zaɓi ƙara, unguwa guda ya zaɓar wa, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Ɗalibin Hausa zai amfana idan ya tsaya a kan kalmomin da kansu. Salansa ararriyar kalma ce daga Ingilishi, ma'anarta ta asali kuwa ita ce abin da ke sa shiru. Wanda ya kai salansa wurin mai walda aka farke ta aka zare cikinta, ya koma gida da wani abu mai suna shiru wanda ba ya yin komai sai ruri. Kalmar ƙara ta fi wannan ban sha'awa. Ba aikatau ɗin nan na ƙari ake nufi ba, suna ake nufi, wanda Bahaushe ya ɗora wa aiki biyu: ƙara ita ce sauti mai tsanani, ƙara kuma ita ce kukan da wanda aka zalunta yake kaiwa gaban alƙali. Harshen yana da amo, yana da sauti, yana da murya, yana da zaƙi da yake siffanta kiɗa mai daɗi da shi. Amma sautin da ya wuce kima sai ya haɗa shi gida ɗaya da shari'a.

Kafin a shiga hujjojin masu ƙara, ya kamata a san abin da ake fasawa. Duk lokacin da mai ya kama wuta a cikin silinda, bawul yakan buɗe, hayaƙi mai zafi ya fito da ƙarfi a dunƙule. Wannan yana faruwa sau da dama a cikin daƙiƙa guda, kowace fita kuwa ƴar ƙaramar fashewa ce. Salansa gwangwani ce mai ɗakuna a ciki, da bututu masu huda-huda, wasu kuma da abin tsotse sauti mai kama da auduga. Hayaƙi yana shiga ya faɗaɗa, ya yi karo da bango ya dawo, igiyoyin sautin su ci karo da juna su kashe kaifin juna, sannan ya fita a huce. Ba sabuwar dabara ba ce, tun a 1897 wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves ya yi rajistar irinta. Injiniyoyi sun shafe fiye da ƙarni suna gyara ta. Mai walda yana rushe wannan aiki kafin shayi ya huce.

Hujjar da masu ƙara suka fi taƙama da ita, kuma ita ce ta cancanci a amsa da natsuwa, ita ce ta tsira da rai. Suna cewa babur ƙaramin abu ne a titi, direban mota ba ya ganin sa, amma idan yana ruri dole a ji shi a kauce. Hujjar ba a nan aka ƙirƙire ta ba. Mahaya manyan babura a Amurka sun daɗe suna liƙa taken da ke cewa bututu mai ƙara yana ceton rai. Tsoron da ke bayan maganar gaskiya ne, domin duk wanda ya hau babur a tsakiyar manyan motoci ya san cewa jikinsa shi ne bodin abin hawansa. Sai dai a duba inda bakin salansa yake kallo. Baya yake kallo. Haɗari kuwa daga ina yake zuwa? A 1981 aka wallafa wani babban bincike da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Binciken ya gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da ke jawo haɗarin suna gaban mahayi ne, daidai saitinsa ko ɗan dama ko ɗan hagu. Mafi yawa mota ce ke karyo kwana ta shiga gabansa. Direban da zai yi wannan yana gaba, wataƙila gilashinsa a rufe, rediyonsa a kunne, injinsa yana nasa kukan. Mafi tsananin ƙarar kuwa tana zuba ne a kan waɗanda aka riga aka wuce. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan suna: ihu bayan hari.

Akwai kuma abin da ya fi haka muni. Mahayin da ke zaune a kan ruri ya toshe nasa kunnen da hannunsa. Ba ya jin ham ɗin motar da ke bayansa, ba ya jin jiniyar motar asibiti, ba ya jin yaron da ya ƙwalla masa kira. Idan da gaske tsira ake nema, kayanta sanannu ne kuma ba su da tsada: fitila a kunne ko da rana, birki mai kamawa, madubi biyu, hular kwano, rage gudu a mahaɗar hanya, da ham, wanda shi bakinsa gaba yake kallo kuma ana danna shi ne lokacin da ake bukata kawai. Abin lura shi ne, sau da yawa babur ɗin da aka fasa wa salansa da sunan kiyaye rai shi ne wanda aka cire wa madubi don gayu, mai shi kuma kansa a buɗe. Mai tsoron mutuwa ba haka yake shiri ba.

Sai batun ƙarfin inji. Ana cewa salansa tana shaƙe babur, idan aka buɗe ta sai ya numfasa ya ƙara gudu. Akwai ƙwayar gaskiya a nan, amma ba ta masu wannan magana ba ce. Injin tsere yana samun ƙarin ƙarfi daga bututu mai sakin hayaƙi da sauri, bisa sharaɗin an auna tsawonsa da faɗinsa, an kuma sake daidaita yawan mai da iskar da ke shiga. Baburan da suka cika titunan Yamai da Maraɗi da Tawa, irin su Boxer da Haojue, ƙananan injuna ne masu silinda ɗaya, cc 100 zuwa 125 mafi yawansu, ƙarfinsu yana kewayen doki goma. An daidaita kafiretarsu ne da salansar da suka zo da ita. Idan aka zare cikin salansar aka bar kafireta yadda take, sai cakuɗin mai da iska ya karkata, iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi fiye da kima, bawul ɗin hayaƙi ya soma ƙonewa, babur ya rage kuzari wajen tashi da kaya. Harbin nan da ake ji, tas tas, idan an saki totur, wanda samari ke murna da shi, ragowar mai ne ke kamawa a cikin bututu. Abin da ya ƙaru shi ne jin gudu, domin kunne yana yaudarar mai shi. Agogon gudu bai san an yi ba. Bakanike kuwa yana jiran ranar da za a dawo masa da injin.

Idan hujjar tsira ta faɗi, ta ƙarfi ta bi ta, abin da ya saura shi ne gaskiyar maganar: a san na iso. Wannan buri ne na ɗan Adam, ba a kuma raina shi. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da murya a gida ko a gari, ya samu abu guda da idan ya murɗa kowa zai waiwayo. Kamfanoni sun san darajar wannan buri. A 1994 kamfanin Harley-Davidson ya nemi hukumar Amurka ta yi masa rajistar rurin injinsa a matsayin tambarin kasuwanci, abokan hamayyarsa suka ƙalubalance shi, aka yi ta ja har ya janye a shekarar 2000. Wato ƙarar kanta haja ce, ana sayar da ita da sunan jarumta.

Sai dai a ƙasar Hausa cika gari da sauti don sanar da isowar mutum abu ne mai ƙa'ida. Kakaki ba a busa wa kowa shi sai sarki, haka tambari. Idan aka ji su a Damagaram ko Katsina, an san wanda ya fito, an san kuma nauyin da ke wuyansa. Mai shela yana ɗaga murya ne da saƙon da ya shafi jama'a. Maroƙi wani yake wasawa. Ko kirari, inda mutum ke yabon kansa da bakinsa, yana da fage: ɗan dambe yana yi ne a gaban wanda zai iya kayar da shi, maharbi kuma bayan ya shiga dajin da wasu suka ji tsoro. Mai fasasshiyar salansa ya naɗa kansa sarautar da ba wanda ya ba shi, yana busa wa kansa kakaki da ƙarfe biyun dare, yana kirari da ƙarfen da bai ƙera ba, a fagen da abokan karawarsa su ne jarirai da marasa lafiya.

Yanzu a zo ga lissafi, domin masu ƙara suna son cewa ƴar ƙara ce kawai, mutane ne ke da ƙorafi. Ana auna sauti da desibel, ma'aunin kuwa ba ya tafiya kamar mudu. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, ƙarin 10 yana nufin ya ninka goma. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. A Amurka iyakar da doka ta sa wa sabon babur na titi tun 1986 ita ce 80. Babur ɗin da aka zare wa cikin salansa yana iya haura 100 a kusa da shi, tsakanin 80 da 100 kuwa ninki ɗari ne. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kunne yana iya jure desibel 85 na awa takwas a rana, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar. Ɗan kabu-kabun da ke wuni a kan irin wannan babur daga hantsi zuwa isha ya cinye rabonsa na yini tun kafin ya sauke fasinja na uku.

Abin da ke lalacewa kuwa ba ya gyaruwa. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa. Ba a jin zafi, ba a ganin jini. Da farko kunne ya riƙa shuu bayan an sauka daga babur, daga baya mutum ya soma cewa mutane ba sa buɗe baki idan suna magana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke da wani mataki na raunin ji. Saurayin da ya yi kunnen uwar shegu da nasihar manya yana iya wayar gari, yana ɗan shekara arba'in, da kunnen da ko ya so ji ba zai ji ba.

Wannan tsakaninsa da kunnensa ne, wani zai ce. To, a koma kan maƙwabta. A fili, sauti yana raguwa da desibel 6 ne kawai duk lokacin da nisa ya ninka. Abin da ya kai 100 a nisan mita ɗaya yana nan wajen 70 a mita talatin, sai an yi kusan mita ɗari kafin ya sauko 60. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ta ce don barci ya yi inganci kada sautin cikin ɗakin kwana ya wuce 30, kada kuma wata ƙara ta farat ɗaya ta haura 45. An yi waɗannan alƙaluma ne da tunanin mutumin da ke kwance a ɗaki, bango da taga suna tare masa. Mai kwana a tsakar gida da bazara ba abin da ke tsakaninsa da titi sai katanga, lungunan tsohon gari kuwa suna kama sauti su yi ta jifa da shi daga bango zuwa bango. Hukumar Bruitparif mai auna hayaniyar birnin Paris ta taɓa ƙiyasta cewa babur guda mai fasasshiyar salansa, idan ya ratsa birnin da dare, yana iya tayar da mutum 10,000. A garin da rabin mutanensa ke kwance a waje, sai mai karatu ya yi nasa lissafin. Illar ba ta tsaya ga gajiyar safiya ba. Jiki yana amsa ƙara ko mai shi bai farka ba, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. Hukumar Muhalli ta Turai ta ƙiyasta a 2020 cewa hayaniyar da aka daɗe ana sha tana da hannu a mutuwar mutum 12,000 kafin lokaci kowace shekara a nahiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗaya yana jin daɗin murɗa totur, dubu suna biya da lafiyarsu.

Akwai wani nauyi da ƙarar babur ta ɗauka a wannan yanki wanda Paris ba ta san shi ba. A ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa, da ƙetaren iyaka a Katsina da Zamfara, ƴan bindiga a kan babura suke zuwa. Saboda irin wannan ne hukumomin Nijar suka hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a farkon 2020, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013. Mutanen da suka gudo daga waɗannan ƙauyuka suna zaune yau a unguwannin birni. Ga matar da ta taɓa kwasar ƴaƴanta ta faɗa gona cikin duhu, rurin babur da tsakar dare tare da tas tas ɗin salansa ba gayu ba ne. Jikinta ba ya tsayawa tambaya ko ɗan unguwa ne ke dawowa daga hira.

Za a ce gari cike yake da hayaniya: janareta, injin niƙa, lasifikar biki, me ya sa aka ware babur? Ba a ware shi ba, kowannensu yana da tasa shari'ar. Bambancin shi ne mai injin niƙa da zai samu mai shiru da ya yi murna, domin ƙarar kaya ce da sana'arsa ta ɗora masa. Haka ɗan kabu-kabun da salansarsa ta yi tsatsa ta huje, kuɗin sabuwa kuma ya gagara, wannan talauci ne ke ruri a ƙarƙashinsa, gyara yake bukata. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda ya sayi abu lafiyayye, ya biya kuɗi aka lalata shi, don ƙarar ita ce abin da yake so. Son rurin inji kuma ba laifi ba ne a kan kansa. Kamfanoni irin su BMW da Volkswagen sun daɗe suna sa wa wasu motocinsu na'urar da ke ƙara wa direba rurin inji a cikin mota, ya sha abinsa shi kaɗai. Wanda ya ce sautin yake so don kansa, ga hanya. Idan ya ce wannan ba ta gamsar da shi ba sai an ji a waje, ya amsa da bakinsa cewa kunnuwan mutane yake nema.

Ba kuma ana kiran a yi tsit ba ne kamar maƙabarta. Abin hawa marar sauti sam shi ma haɗari ne, musamman ga makafi da yara. Shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta, daga Yulin 2019, cewa sababbin samfuran motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti idan suna tafiya a hankali ko suna ja da baya. Dokar ta sa ƙasa ta sa sama, sautin ya isa a ji shi, kada kuma ya wuce desibel 75. Ko inda aka ƙirƙiri sauti da gangan don ceton rai, abin da aka ga ya wadatar bai kai ko kusa da rurin fasasshiyar salansa ba. Salansar da babur ya zo da ita daga masana'anta ta riga ta ba da wannan da ƙari.

Ƙasashe sun soma gajiya. Yankin Tirol na Ostiriya ya hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin tsaunuka tun 2020. Jihar New York ta ɗaga tarar fasa salansa zuwa dala 1,000 a dokar da aka sa wa hannu a 2021. Faransa ta fara gwajin na'urorin da ke auna ƙara su ɗauki lambar abin hawa a 2022. Najeriya tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, ko da yake takarda ba ta hana kowa murɗa totur. A Akara kuwa, masarautar Ga takan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kowace shekara kafin bikin Homowo, ba da wata na'ura ba, da ikon gargajiya. Wannan misali na ƙarshe shi ya fi kusa da abin da unguwannin Hausawa za su iya. Fasasshiyar salansa ba ta ɓuya, ita ke shelar kanta. Masu waldar da ke wannan aiki a kowace unguwa ba su da yawa, mai unguwa ya san su da sunayensu, shugabannin tashar kabu-kabu sun san baburan da ke layinsu, kowane uba kuma yana jin shigowar ɗansa tun daga bakin kwalta.